Daga Kan Burtu Zuwa Kyamara: Tarihin Kayan Ɗaukar Hoton Namun Daji

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyen da ake farauta ya san kan burtu. Maharbi yakan sami kan wannan tsuntsu, ko kuwa ya sassaƙa irinsa da itace, ya lulluɓe shi da fata, ya manna masa idon zakara, sa'an nan ya ɗaura a goshi. In ya shiga dawa sai ya yafa baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe, yana kaɗa kai kamar burtu na kiwo. Barewa da gwanki sun saba da burtu, ba su gudunsa, saboda haka sai su bar shi ya yi ta matsowa har inda kibiyarsa za ta kai.

Mai karatu zai ce, to mene ne haɗin burtu da kyamara? Haɗinsu shi ne, wahalar da maharbi yake sha ita ce wadda mai ɗaukar hoton namun daji yake sha. Naman daji ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba ya yarda a kusance shi, kuma galibi da asuba ko da magariba ko cikin dare yake fitowa, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Bayan wannan kuma duk abin da mutum zai yi aiki da shi, a ka ko a kafaɗa zai ɗauke shi. Watau abokan gaba huɗu ke nan: gudu, da nisa, da duhu, da nauyi. A wannan ɗan rubutu zan bi tarihin yadda aka yaƙi waɗannan huɗu ɗaya bayan ɗaya, domin mu ga abin da magabatan wannan sana'a suka zaɓa su ɗauka, da dalilinsu, da kuma darasin da yake ciki ga wanda yake son shiga dawa da kyamara a ƙasarmu.

Tushen Kyamara

Tun kafin a san hoto, masana sun lura cewa in aka rufe ɗaki ya yi duhu, aka bar 'yar ƙaramar huda a bango ɗaya, to siffar abin da yake waje takan bayyana a ɗaya bangon, amma a kife. Malamin da ya fi kowa bayyana wannan a zamanin da shi ne Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi yawancin aikinsa a Alƙahira. Kyamara kuwa wannan ɗakin ne aka ƙanƙanta ya koma akwati. Abin da ya rage shi ne a sami abin da zai kama siffar ya riƙe.

Wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ya yi nasarar haka wajen 1826, amma sai da ya bar akwatinsa a buɗe aƙalla awa takwas kafin hoton rufin gidaje ya kama. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar Louis Daguerre, wadda ta rage lokacin zuwa mintoci. Ko mutum ma a lokacin sai an tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada ya motsa, balle a ce gada ko zomo.

A 1851 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da allon gilashi da ake shafa wa magani. Wannan ya fi sauri, amma yana da nasa sharaɗin: dole a shafa maganin, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin allon ya bushe, watau cikin kamar minti goma zuwa goma sha biyar. Saboda haka duk inda mai hoto za shi, sai ya tafi da tanti mai duhu, da kwalabe, da akwatunan gilashi, da ruwa mai tsabta, da 'yan dako. Shi ya sa hotunan namun dajin Afirka na farko da matafiya Turawa suka ɗauka yawancinsu na matattu ne. Sai an harbe giwa ta faɗi, sa'an nan a kafa kyamara. A wannan zamani bindiga ce take yi wa kyamara aiki.

Yaƙi da Gudu

Sauyi ya fara ne a 1871, lokacin da wani likita a Ingila, Richard Leach Maddox, ya nuna yadda za a yi busasshen allo, wanda za a iya ajiyewa a ɗauki hoto da shi duk ranar da aka so, a wanke bayan an koma gida. Cikin 'yan shekaru aka inganta shi har ya zama yana kama haske cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Tanti da kwalabe suka zauna a gida.

Da aka sami allo mai sauri, sai aka koma neman ƙyaure mai sauri, watau marfin nan da yake buɗewa ya rufe don haske ya shiga. A 1878, a Kalifoniya ta Amurka, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa, ya ɗauki doki yana gudu, ya tabbatar da cewa akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke barin ƙasa. A 1882 wani masani a Faransa, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga sak, da gindi da baki da kunama, wadda take ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, ya riƙa auna tsuntsaye da ita suna tashi. A 1884 kuma Ottomar Anschütz na Jamus ya ɗauki hotunan shamuwa tana sauka a sheƙarta da fikafikai a buɗe, kuma shi ne ya shahara da ƙyauren da yake buɗewa ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Daga nan gudu ya daina zama abin tsoro, in dai akwai rana.

Yaƙi da Nisa

Nisa kuwa hanya biyu aka bi masa. Ta farko ita ce a jawo dabbar kusa da madubi. A 1891 Thomas Dallmeyer a Landan da Adolf Miethe a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da madubin kyamara mai jawo nesa kusa. Sai dai na farkon suna da illa: suna cinye haske, kuma ko iska ta kaɗa kyamara kaɗan sai hoton ya dagule.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya kai kansa kusa da dabbar, kuma a nan ne labarinmu ya haɗu da na burtu. Akwai waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, 'ya'yan talakawa daga wani ƙauye a lardin Yorkshire na Ingila. A 1892 suka ɗauki hoton sheƙar tsuntsu da ƙwai a ciki, a 1895 kuma suka buga littafi a kan sheƙunan tsuntsayen ƙasarsu, wanda aka ƙawata da hotuna zalla, ba zanen hannu ba. Kyamararsu ta katako ce mai nauyi. In sheƙa ta yi bisa, sai su ƙara wa ƙafafun kyamarar tsawo da sanduna, Cherry ya hau kafaɗun wansa ya tsaya. In kuwa a jikin dutsen bakin teku take, sai ya sauka da igiya, kyamara goye a baya.

Da suka ga tsuntsaye ba su tsoron shanu, sai suka sa aka yi musu sa na ƙarya wajen 1900: fatar sa ta gaske a kan ƙashin katako, cikinsa fayau, da huda a ƙirji inda madubi zai leƙo. Mutum ya shiga ciki ya duƙa, ya yi ta jira. Wata rana san ya kife da ɗayansu a ciki, ƙafafu shida a sama. Da ɗan'uwansa ya dawo, sai da ya ɗauki hotonsa tukuna ya cece shi. Sun kuma yi tunkiyar ƙarya, da dutsen ƙarya, da kututturen ƙarya. Daga baya aka gane cewa ba sai an sha wannan wahala ba, 'yar bukka ta yadi ta isa, in an kafa ta da wuri tsuntsu ya saba da ganinta. Amma dabarar dai ita ce ta maharbinmu: ka sa dabba ta ɗauke ka wani abin da ta saba da shi.

Yaƙi da Duhu

Wanda ya fara cin galabar dare shi ne George Shiras, wani lauya Ba'amurke da aka haifa a 1859. Shi ma da maharbi ne. A jihar Michigan ya koyi wata dabara ta mutanen Ojibwa, 'yan asalin ƙasar, waɗanda sukan sa wuta a gaban kwalekwale da dare su bi bakin ruwa a hankali. Barewar can in ta ga wutar sai ta tsaya tana kallo, idanunta suna ƙyalli, har a harbe ta. Shiras ya ɗauki wannan dabara, ya ajiye bindiga, ya kafa kyamara a gaban jirgin, ya riƙe garin magnesiyam wanda in an kunna shi yake tashi fau kamar walƙiya. Ya kuma ƙirƙiro tarkon hoto: a ja zare a kan hanyar dabba, in ta taɓa shi sai garin ya kama, ƙyaure ya buɗe, ta ɗauki hoton kanta da kanta. A watan Yuli na 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya. Biyu daga cikin shugabannin ƙungiyar da take buga mujallar suka yi murabus don fushi, wai an mai da mujallar ilmi littafin hotuna. Masu karatu kuwa suka yi ta ƙaruwa.

A Afirka ta Gabas, wani Bajamushe mai suna Carl Georg Schillings ya yi irin wannan aiki a farkon ƙarni na 20. Yakan ɗaure jaki ko sa a bakin ruwa, ya haɗa zare da garin walƙiya, zaki ya zo ya faɗa wa dabbar, hoto ya ɗauku. A 1909 kuma Radclyffe Dugmore ya tsaya a Kenya da babbar kyamara a ƙirji, karkanda ta taso masa, bai danna ba sai da ta zo yadi 15 daga gare shi, sa'an nan abokin tafiyarsa ya yi harbi ta kauce. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan: waɗannan hotuna ba su zo kyauta ba. Schillings ya harbe namun daji masu yawa, kuma sau da yawa akan tsokani dabba da gangan don ta taso a sami hoto mai ban tsoro, in ta ƙi kaucewa a kashe ta. Gajartar madubi ita ce take jawo wannan, domin wanda madubinsa bai kai ba dole ƙafarsa ta kai.

Mutumin da ya raba kyamara da bindiga sosai shi ne Frederick Champion, wani ma'aikacin gandun daji a arewacin Indiya. Ya ƙi jinin harbi don nishaɗi. A shekarun 1920 ya riƙa ɗana tarkon waya a hanyoyin damisar nan ta Indiya mai ratsi-ratsi, ya buga hotunan a 1927. Ya lura kuma cewa ratsin kowace ɗaya daban yake da na 'yar'uwarta, har ana iya gane ta da shi. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yaƙi da Nauyi

Duk waɗannan mutane da muka ambata da manyan akwatuna suka yi aiki, kowane hoto da allonsa. A 1925 kamfanin Leitz na Jamus ya fito da Leica, wadda Oskar Barnack ya ƙera. Tana shiga aljihun riga, tana aiki da fim mai faɗin milimita 35, naɗi ɗaya hoto 36. A 1936 aka yi Kine Exakta a birnin Dresden, wadda mai ɗauka yake leƙawa ta cikin madubin da zai ɗauki hoton, saboda haka abin da ya gani shi zai samu. Wannan ya dace ƙwarai da dogon madubi. A shekarar kuma fim mai launi na Kodachrome ya fito a wannan girma. A 1959 Nikon F ta zo daga Japan, mai ƙwari, mai karɓar madubai iri-iri, ta zama abokiyar tafiyar masu shiga daji shekara da shekaru.

Amma fa raguwar kaya ba ta rage haɗari ba. A 1937 wani matashi, Eric Hosking, yana hawa bukkarsa da dare a ƙasar Wales, mujiyar da yake ɗaukar hotonta ta kai masa bugu a fuska, ya rasa idonsa na hagu. Da ya warke sai ya koma wurin ya ci gaba da aikinsa, ya kuwa zama ɗaya daga cikin mashahuran masu hoton tsuntsaye har rasuwarsa a 1991. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sauran tarihin ya zo da sauri. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko marar fim. A 1985 Minolta ta fito da kyamara mai daidaita ganinta da kanta. A 1995 Canon ta sa wa dogon madubi na'urar rage rawar hannu. A 1999 Nikon D1 ta nuna cewa ƙwararru za su iya barin fim, a 2009 kuma aka daina yin Kodachrome. Wanda a da yake aiki da fim mai lamba 64 a ma'aunin kama haske, yanzu yana iya murɗa kyamararsa zuwa 6400, watau ninki ɗari, ya ɗauki ɓauna bayan rana ta faɗi ba tare da walƙiya ba.

Mu Fa, Ina Muka Kwana?

Dabarar nan ta Champion ta yi rana a kusa da mu. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ƙare a Nijeriya da sauran ƙasashe, bai rage ba sai a yankin Kure, kamar kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. A 1996 guda 49 kaɗai aka ƙirga. Yadda ake ƙirga su shi ne a ɗauki hoton kowanne ta dama da ta hagu, domin zanen jikinsa tamkar zanen yatsa ne, a buɗe masa shafi a kundi. Da wannan kundi ake sanin wanda aka haifa da wanda ya ɓace. A 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Aikin kiyayewar na gwamnati ne da mutanen ƙauyukan da suka haƙura da ɓarnar gona, amma hoto ne ya ba su lissafin da suka dogara da shi.

Ga ɗalibin da yake sha'awar zuwa Yankari, gandun da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, tarihin nan yana da shawara. Na farko, kuɗinka ya fi tafiya a madubi bisa ga jikin kyamara, domin nisa ne abokin gaban da bai mutu ba. Madubi mai milimita 300 zuwa 400 ya isa giwa da gwanki, ƙananan tsuntsaye kuwa suna son 500 ko 600. Wayar hannu tana da kyau ga hoton itatuwa da ruwan Wikki, amma wanda ya ce zai matsa kusa da giwa mai ɗa don wayarsa ta kama, ya koma zamanin Dugmore ba tare da mai bindiga a bayansa ba. Na biyu, tsohuwar ƙa'ida tana nan: in madubinka 400 ne, kada saurin ƙyaure ya gaza kashi ɗaya bisa 400 na daƙiƙa in a hannu kake riƙe da shi, tsuntsu mai tashi kuwa yana son ɗaya bisa 2000. In babu ƙafafun kafa kyamara, ɗan buhun wake ko na gero a kan tagar mota yana yin aikin. Na uku, kada ka ɗauki abin da ba za ka iya yini da shi a wuya ba. Na huɗu, ka tuna da rani ne dabbobi suke taruwa a kogin Gaji, da rani kuma ƙurar hunturu take shiga ko'ina, saboda haka ka rage cire madubi a fili, ka tanadi batir na biyu tun daga gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

In muka duba wannan tarihi za mu ga cewa masana'antu sun yi maganin gudu da duhu da nauyi, sun kuma rage nisa. Abu ɗaya ne ba a taɓa sayarwa a kanti ba, shi ne sanin dawa: ta ina iska take kaɗawa, sawun wane ne wannan, yaushe ya wuce, a wane ruwa zai sha. Shiras a wurin Ojibwa ya koya. 'Yan Kearton da wahala suka gano abin da mai kan burtu ya gada daga kakansa. Wannan ilmi yana nan a ƙauyukanmu, a bakin tsofaffin maharba, tare da kirarin kowace dabba da sunayen da ƙamus bai tattara duka ba, kuma yana tafiya tare da masu shi, kamar yadda namun dajin suke tafiya.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwana ɗaliban Hausa shi ne, in hutu ya zo, wanda ya sami aron kyamara ya nemi tsohon maharbin garinsu, ya gaishe shi, ya roƙe shi su shiga dawa tare. Ya ɗauki hoton abin da ya nuna masa, ya rubuta sunansa da kirarinsa da abin da aka sani game da shi. In ba mu yi ba, jikokinmu za su ji gwanki a karin magana, su je neman hotonsa a littafin wani. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.